Masu Lissafin Asalin Wuta

A Birtaniya, duk kamfanin da ke sayar wa jama'a wutar lantarki doka ta wajabta masa ya bayyana, kowace shekara, da me aka samar da wutar da ya sayar. Dokar ta fito a 2005, bayan Tarayyar Turai ta ɗora wa ƙasashenta wannan sharaɗi a 2003. Bayanin kan zo a ɗan jadawali: kwal kashi kaza, iskar gas kaza, nukiliya kaza, sai makamashi mai sabuntuwa irin iska da rana da ruwa. A ƙasa akwai nauyin hayaƙin kabon da na sharar nukiliya da kowane yunit ya haifar. Yawancin mutane ko kallonsa ba sa yi, alhali aikin da ke bayansa gwaninta ce ta gaske.

Wuta ba ta da tambari. Da ta hau babban layin ƙasa, wadda fankokin iska na Tekun Arewa suka bayar da wadda tashar gas ta bayar sun gauraye, babu injiniyan da zai tsaya gaban soket ya ce wannan daga Sikotland take. Masu wannan aiki ba su ɓata lokaci wajen bin waya ba, sai suka koma ga littafin lissafi. Kamar banki ne: ka zuba kuɗi a Kano ka cire a Legas, ba takardun da ka zuba za a miƙo maka ba, amma ko kwabo bai ɓace ba.

A Birtaniya, hukumar makamashi ta Ofgem ce ke riƙe da littafin. Duk tashar makamashi mai sabuntuwa da ta samar da yunit 1,000, sai a ba ta takardar shaida guda, wadda ake kira REGO, mai ɗauke da lamba da sunan tashar da lokacin da aka samar da wutar. Shekarar lissafi tana kamawa daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris. Kamfanin da ya ce wa jama'a wutarsa mai tsabta ce, dole zuwa 1 ga Yuli shaidun da suka yi daidai da iƙirarinsa su kasance a hannunsa, a ƙirga su a kashe, yadda wani ba zai sake cin moriyarsu ba. Zuwa 1 ga Oktoba jadawalin ya fito.

Inda abin ya fi burge ni shi ne ragowa. Ba duk wuta ce ke da shaida ba, kamfanoni kan sayi mai yawa a kasuwar sari ba tare da sanin tushenta ba. Da an bar su su jingina ta da matsakaicin lissafin ƙasa, da iska ɗaya an ƙirga ta sau biyu, sau ɗaya ga mai shaida, sau ɗaya ga wanda bai biya ko sisi ba. Shi ya sa gwamnati ke ɗebe duk abin da aka riga aka yi iƙirari, ta fitar da lissafin abin da ya rage. Wanda ba shi da shaida wannan ne rabonsa, kuma gas ya fi yawa a ciki.

Nowe ta nuna yadda ƙa'idar ba ta sani ba ta sabo. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke samarwa daga ruwa take fitowa, amma tashoshinta suna sayar da shaidunsu ga kamfanonin wasu ƙasashen Turai. Saboda haka mutumin da ke zaune gindin madatsar ruwa, in bai sayi shaida ba, bayanin da hukumar NVE ta ƙasar ke fitarwa zai nuna masa cewa kaso mafi tsoka na wutarsa daga kwal da gas yake. Da jin haka mutum zai ce rainin hankali ne. Amma an sayar da tsabtar an karɓi kuɗi, ba a sayar da abu kuma a ci gaba da taƙama da shi.

Masu suka suna da gaskiyarsu. Ana iya sayen shaidar daban da wutar, kuma an daɗe ana samun ta a araha, har kamfani ya sayi wutar gas ya lulluɓe ta da takardu ya ce tasa kashi ɗari ce mai tsabta. Sannan lissafin na shekara ne dungurungum, don haka shaidar hasken ranar watan Yuni tana iya rufe wutar da aka ƙona da daddare a Janairu. Wannan giɓin ake ƙoƙarin toshewa yanzu da shaidu masu ɗauke da awa, yadda wutar ƙarfe takwas na dare sai an kawo shaidar abin da aka samar ƙarfe takwas na daren nan.