Gado da Ƙwazo a Cikin Naruto: Nazarin Gardamar 'Yan Kallo a Ƙasar Dangora

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wata gardama da ke gudana tsakanin matasa masu kallon fim ɗin zane na ƙasar Japan mai suna Naruto, musamman kamar yadda muke jin ta a Kwanar Dangora da garuruwan da ke kewaye da ita, watau ƙasashen Kiru da Bebeji da Tudun Wada har zuwa Doguwa. Gardamar kuwa ita ce: shin jarumin labarin ƙwazonsa ne ya kai shi inda ya kai, ko kuwa gado ne ya goya shi? Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa ɓangarorin biyu duk sun ɗora tambayar a kan tauraron da bai dace ba. Wanda ya kamata a auna labarin da shi wani yaro ne mai suna Neji, kuma in aka yi awon da shi za a tarar mawallafin ya ɗauki alkawarin da bai cika ba.

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa taron nazarin Hausa da zanen Japanawa? Amsa ita ce, Bahaushe ya daɗe yana karɓar baƙon labari ta hanyar majigi. An buɗe sinimar Rex a Kano a shekarar 1937. Fina-finan Indiya sun shigo tun wajen shekarun 1950, na Sin irin na Bruce Lee suka biyo baya a shekarun 1970, har kalmar "bos" ta zauna daram a bakin yara a matsayin kishiyar "jarumi". Duk labarin da Hausawa suka zauna suka yi musu a kansa da Hausa, suka kuma auna shi da ma'aunin Hausa, to ya shigo gonarmu.

2.0 Labarin da Yadda Yake Isowa

Masashi Kishimoto ne ya ƙagi Naruto a matsayin labarin zane na takarda. An riƙa buga shi mako-mako a wata mujallar samari ta Japan daga 1999 zuwa 2014, ya cika babi 700 cikin littattafai 72. Kamfanin Pierrot ya mayar da shi zane mai motsi: zango na farko kashi 220 ne (2002 zuwa 2007), na biyu mai suna Shippuden kashi 500 (2007 zuwa 2017).

A ƙasar Dangora ba ta gidan talabijin yake isowa ba. Kwanar mahaɗa ce, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa, wadda ta ratsa dajin Falgore ta nufi Jos, ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya. A irin wannan wuri shagunan cajin waya da masu tura fina-finai a katin waya su ne sinimar zamani. Yaro ya biya 'yan kuɗi a zuba masa kashi ashirin ko talatin, sa'an nan su taru mutum huɗu ko biyar a kan waya ɗaya. Da yake maganar cikin fim ɗin Japananci ce ko Turanci, sau da yawa wanda ya fi jin Turanci shi ke fassara wa saura, kuma a cikin fassarar yakan cusa hukuncinsa. Saboda haka sharhi yana farawa ne tun kallo bai ƙare ba.

Zubin labarin a taƙaice shi ne: Naruto maraya ne a garin Konoha, garin mayaƙan ɓoye da ake kira ninja. Ran da aka haife shi aka ɗaure wani dodo mai siffar yanyawa da wutsiya tara a cikin jikinsa. Mutanen gari suka ƙyamace shi, ya faɗi jarrabawar fita makaranta har sau uku, amma ya rantse sai ya zama Hokage, watau shugaban garin. A babi na ƙarshe an nuna shi a kan wannan kujera.

3.0 Ɓangarori Biyu

Masu cewa ƙwazo ne hujjarsu a fili take. Yaro ne da ya tashi ba uwa ba uba, ba mai ce masa sannu, ya sha faɗuwa yana tashi. Sukan ce ai ko dambe, wanda a da aka san shi da rundawa, yanzu duk mai ƙashi da zuciya yana ɗaure hannu ya shiga fage, ba a tambayarsa sana'ar kakansa.

Masu cewa gado ne sun fi su yawan hujja, kuma dole mu yarda da haka. Da tafiya ta yi nisa sai aka bayyana cewa uban Naruto shi ne Minato, Hokage na huɗu. Uwarsa Kushina 'yar zuriyar Uzumaki ce, waɗanda aka sani da yalwar cakara, watau ƙarfin cikin jiki da mayaƙan ke aiki da shi. Kusa da ƙarshe kuma aka ce shi da abokin hamayyarsa Sasuke magada ne na Ashura da Indira, 'ya'yan tsohon da ya kafa wannan ilimi tun fil azal. Ita kanta sarautar, in muka bi salsalarta, ba ta taɓa fita daga gida ɗaya da makaranta ɗaya ba. Hokage na ɗaya da na biyu wa da ƙane ne. Na uku almajirinsu ne. Na huɗu almajirin almajirin na uku ne. Ta biyar jikar na ɗaya ce. Na shida almajirin na huɗu ne, na bakwai kuwa, watau Naruto, ɗan na huɗu ne kuma almajirin na shida. Waɗanda suka dogara da motsa jiki tsantsa kuma fa? Rock Lee ya sha kaye a hannun Gaara, aka ragargaza masa hannu da ƙafa. Malaminsa Gai ya kusa kashe kansa wajen karawa da Madara, ya ƙare a keken guragu.

Abin lura a nan shi ne, masu kallo a Turai da Amurka da yawa sun ɗauki bayyana asalin Naruto a matsayin cin amanar jigon labarin. Ɗan kallo Bahaushe bai cika jin zafin wannan ba. Ya saba da tatsuniyar maraya wulaƙantacce wanda daga baya asalinsa ke bayyana, ya kuma saba da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mai cewa gado ne a Dangora ba kushe fim ɗin yake yi ba. Sau da yawa yabo ne, yana nufin labarin ya faɗi gaskiyar duniya. Haka nan, dogon jawabin da mayaƙan ke yi kafin su gwabza, wanda ke gundurar wasu masu kallo a can, a nan kirari ne kawai, kuma ba a shiga fage ba kirari.

A ganinmu wannan gardama ba ta da mafita muddin a kan Naruto ake yin ta, domin mawallafin ya haɗa masa duka biyun. Ya ba shi gado, ya kuma hana shi cin moriyar sunan gidansu yana yaro. Kowane ɓangare yana iya tsinto abin da yake so.

4.0 Neji

Gidan Hyuga babban gida ne a Konoha, kuma an raba shi biyu: gidan sama da gidan reshe. Hiashi da Hizashi tagwaye ne, a ce Hassan da Husaini. Don kawai Hiashi ya riga fitowa, sai ya zama magajin gida, Hizashi da zuriyarsa suka zama masu yi wa gidan sama hidima. Neji ɗan Hizashi ne, Hinata kuwa 'yar Hiashi. A Hausa waɗannan 'ya'yan wa da ƙane ne, ko wasan taubasantaka babu tsakaninsu don kusanci. Amma a cikin labarin ita tana kiransa yaya, shi kuwa yana kiranta da lafazin girmamawa irin wanda bara ke yi wa uwargijiyarsa.

Neji yana ɗan shekara huɗu aka buga masa tambari a goshi. Da wannan tambari ɗan gidan sama yana iya azabtar da ɗan reshe, ko ya hallaka shi, ta hanyar alamar hannu kawai, kuma ba ya gogewa sai da mutuwa. Bayan haka aka yi yunƙurin sace Hinata, Hiashi ya kashe ɓarawon, wanda ashe jakadan wani gari ne. Mutanen garin suka nemi gawar Hiashi a matsayin diyya. Aka ba su ta Hizashi.

Wannan yaro ne ya tsaya gaban Naruto a fagen jarrabawa ya ce kowa da abin da aka rubuta masa, ba mai sauya shi. A nan ne 'yan kallonmu sukan yi tuntuɓe. Da sun ji kalmar ƙaddara sai musu ya koma na tauhidi, wasu su ce Neji ya yi gaskiya, wasu su ce ya yanke ƙauna. Alhali abin da yake kira ƙaddara tambari ne da ɗan'uwan ubansa ya sa aka buga masa, kuma hannun da ya buga yana iya dainawa. Ƙasar Kano ba baƙuwa ba ce ga irin wannan al'amari. An yi rumada da gandaye, an yi cucanawa waɗanda aka haifa cikin bauta, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Nijeriya ta Arewa. Har yau akan tsaya binciken asali in ana maganar aure. Duk da haka tsarin Hyuga ya fi namu na da tsanani ta fuska ɗaya: a nan ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, yana ma sarauta. A can kuwa ciki ɗaya, rana ɗaya, ɗaya ya mallaki ɗaya.

Naruto ya ce masa in ya zama Hokage zai gyara gidan Hyuga. Wannan shi ne alkawari mafi nauyi a zangon farko, domin ya shafi tsarin gari, ya wuce burin mutum ɗaya. To, yaya aka warware shi?

Da farko, nasarar da Naruto ya samu a wannan karo ba ta tabbatar da maganarsa ba. Neji ya toshe masa hanyoyin cakara, kuma da ƙarfin dodon da aka ɗaure masa ran haihuwa ya miƙe. Watau abin da aka sa wa wani a jiki yana jariri ya rinjayi abin da aka sa wa wani a goshi yana yaro. Neji kuwa shi ne ya koyi dabarun gidan sama da kansa, ba wanda ya koya masa. In ana neman mai ƙwazo a wannan fage, shi ne.

Na biyu, bayan karon sai Hiashi ya zo ya durƙusa ya shaida wa Neji cewa ubansa da kansa ya zaɓi mutuwa, don ƙaunar ɗan'uwansa, kuma don ya yi zaɓi nasa sau ɗaya a rayuwa. Wurin yana da taɓa zuciya, ba mu musa ba. Amma mu lura da aikin da ya yi a cikin zubin labarin: ya kwantar da fushin Neji, tambarin kuwa yana nan.

Na uku, a babi na 614, cikin babban yaƙi, aka harbo wasu tsinannun itatuwa kan Naruto. Hinata ta tare masa, Neji kuma ya tare musu su biyu, ya mutu. Sai a lokacin tambarin ya goge daga goshinsa, aka nuna tsuntsu a sama. Ɗan reshe ya mutu yana kare 'yar gidan sama, daidai aikin da aka buga masa tambari dominsa, kuma daidai yadda ubansa ya ƙare. A babi na gaba Hinata ta farfaɗo da zuciyar Naruto suka riƙe hannu, daga bisani suka yi aure. Har littafi na 72 ya ƙare ba a nuna mana zaman da aka yi aka soke tambarin ba.

Masu kare mawallafin sukan ce ai Neji da son ransa ya yi, kuma sadaukar da rai don aboki shi ne ƙololuwar jarumta. Mun yarda jarumta ce. Sai dai mawallafi ne ke zaɓen wanda zai mutu. Cikin dukan sa'o'in Naruto na Konoha, waɗanda suka shiga jarrabawar nan tare, Neji kaɗai ya kashe. Sau biyu ke nan yana nuna mana cewa 'yancin ɗan reshe shi ne ya zaɓi mutuwar da da ma ita aka tanadar masa.

Yana da amfani mu kwatanta da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 aka buga shi a 1934. A can ma an sace yaro, ya faɗa hannun masu bayi, ilimi ya ɗaukaka shi ya zama shaihi. Ana iya cewa shi ma littafin bai yi wa bauta tawaye ba. Amma uwar Umar, wadda ta fita nemansa ta faɗa cikin bauta, ta sha azaba har ta kai ga ajalinta, ba a ƙawata wahalarta aka ce 'yanci ce ba. An bar ta a matsayin hasara, mai karatu ya ji nauyinta. Kishimoto kuwa ya rufe tasa hasarar da hoton tsuntsu.

5.0 Itachi

Akwai wata gardamar da ta kusanci wannan, za mu taɓa ta kaɗan. Itachi, wan Sasuke, ya karkashe danginsa na Uchiha, har uwa da uba, ya bar ƙanensa kaɗai. Daga baya aka bayyana cewa manyan gari ne, musamman Danzo, suka sa shi, don a hana juyin mulki. Matasa da yawa suna ɗaukarsa gwarzon fim ɗin gaba ɗaya. Amma a nan ma'aunin zumunci yakan yi aiki: ba wuya a ji wani ya ce duk wanda ya ɗaga takobi kan mahaifiyarsa ya gama magana, kome dalilinsa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, bakin da ke yanke wa Itachi wannan hukunci nan take shi ne kuma ke wuce Hiashi ba ko tari, ga shi kuwa da ransa har ƙarshen labari, ya zama surukin Hokage, yana wasa da jikoki. Laifin Itachi na dare ɗaya ne, da jini a fili. Na gidan Hyuga al'ada ce da aka gada kaka da kakanni, ana yin ta da tsakar rana, da biki, kuma ran da aka buga wa Neji tambari ita ce ranar da magajiyar gida ta cika shekara uku.