Kalmar "Zati": Tsokaci a kan Ma'anarta da Amfani da Ita a Fassara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba kalmar "zati", wadda wasu mafassara ke ɗauka duk lokacin da suka so bayyana siffar da ke tattare da abu tun asalinsa. An ɗauki Hausar Jekadafari a matsayin ma'auni, wato unguwa ce a garin Gombe, garin da ya zama mazaunin sarki a 1919, kuma babban birnin jiha a 1996. A nan makarantar zaure da shagon tela suna maƙwabtaka, kowanne da yadda yake fahimtar kalmar.

2.0 Asalin Kalmar

Daga Larabci aka aro ta, daga "dhat", tamatar "dhu", wato ma'abuci. Sautin "dh" ya koma "z", kamar yadda ya faru a zikiri da zunubi da azaba. Abin lura kuma shi ne jinsinta ya sauya: tamata ce a Larabci, amma Bahaushe ya ga ba ta ƙare da wasalin "a" ba, sai ya mayar da ita namiji, ya ce "zatinsa".

Ta ƙofar tauhidi ta shigo. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya san siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, ya kuma san cewa kaɗaitakarsa ta haɗa zati da siffofi da ayyuka. Zati a nan shi ne haƙiƙar da siffofi ke tsaye da ita, wadda ido ba ya riska.

3.0 Sauyin Ma'ana

A wajen zaure al'amarin ya juya. Dubi waɗannan misalai:

(1) Zatin Allah bai yi kama da na kowa ba.
(2) Angon mutum ne mai cikar zati.

A jimla ta (2) ana nufin tsawo da faɗin ƙirji da kwarjini, abin da tela zai iya aunawa da tef. Littattafan soyayya na kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa tun daga shekarun 1980, sun ƙara kafa wannan ma'ana, domin da wuya jarumin labari ya fito ba a ba shi cikar zati ba. Kalmar da ke nuni ga baɗini ta koma nuni ga zahiri.

Wannan sauyi ba laifi ba ne, haka harshe yake tafiya. Laifin na mai fassara ne da ya kau da kai daga gare shi. Gabatarwar Jawabin Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Ɗan'adam na 1948 ta yi magana a kan mutuncin da ba a raba mutum da shi. Wanda ya fassara wannan da "mutunci na zati", malamin zaure zai gane, amma mai sauraron rediyo a Jekadafari zai iya ɗauka cewa mutunci na ƙosassu ne, ramamme da gurgu ba su da rabo. Wannan kuwa kishiyar manufar ce.

Hausa ba ta rasa abin da za ta ce ba. Tana da "halitta" da "asali", tana cewa abu "a jininsa yake", tana kuma kiran hali zanen dutse. "Mutuncin da aka haifi ɗan'adam da shi" ya fi tsawo, amma tela da malam duk za su ji abu ɗaya.