Ɗan Kallo a Cikin Zane: Sharhi a kan Wani Salon Baje Kolin Fasaha

Manufar wannan sharhi ita ce duba wani salon baje kolin fasaha da ya yaɗu a biranen Turai, wanda za mu kira shi a nan baje koli mai lulluɓe ɗan kallo. A yadda aka saba, zane yana rataye a bango, ɗan kallo yana tsaye a gabansa. A wannan salo kuwa, ɗakin gaba ɗaya shi ne aikin, mutum kan shiga cikinsa ne. Ra'ayinmu shi ne, abubuwa biyu mabambanta ake kira da wannan suna, kuma wajibi ne manazarci ya rarrabe su.

Misali na farko shi ne aikin Olafur Eliasson mai suna The Weather Project, wanda aka nuna a gidan Tate Modern na birnin Landan daga 2003 zuwa 2004. Ya jera fitilu masu ruwan ɗorawa a siffar rabin da'ira, ya lulluɓe rufin zauren da madubi, sai madubin ya cike da'irar ta zama kamar rana a cikin hazo. Mutane wajen miliyan 2 suka ziyarce shi, da yawansu kuma sukan kwanta a ƙasa suna neman kansu a madubin. Abin lura a nan shi ne, Eliasson bai ɓoye dabararsa ba, domin wanda ya je ƙarshen zauren yana iya ganin fitilun. Ashe ke nan ɗan kallo wani sashe ne na aikin, in babu shi aikin bai cika ba.

Misali na biyu shi ne Atelier des Lumières na birnin Faris, wata tsohuwar maƙera da aka mayar wurin baje koli a 2018. A 2019 an haska zane-zanen Van Gogh a bangonta da daɓenta ta majigi, tare da kiɗa. To, amma zanensa na dare mai taurari, wanda ya yi a 1889, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, kuma ƙarfinsa yana cikin kaurin fenti da sawun buroshi. Haske ba shi da kauri. Da zarar an faɗaɗa zanen an sa shi motsi, to launi ne ya rage, hannun mai zanen ya ɓace. Hausawa kan ce kama da wane ba wane ba ne.

Ba mu musanta cewa irin wannan wuri yana jawo waɗanda ba su taɓa shiga gidan zane ba. Haɗarin shi ne su fita suna zaton sun ga Van Gogh. Saboda haka ma'aunin da muke ba da shawara shi ne: shin don wannan ɗaki aka ƙirƙiri aikin, ko aro shi aka yi aka buɗa? Na farko fasaha ce mai zaman kanta, na biyu kuwa talla ce ga fasahar wani.