Tubali Daban, Gini Daban: Sharhi Kan Littattafan Koyon Ingilishi



Ran nan na shiga babbar kasuwar Agadas zan sayi shayi da sukari. A bakin wata rumfa na tarar da mai sayar da littattafai ya shimfiɗa hajarsa bisa tabarma. Cikin kayansa akwai ƙananan littattafan nan na koyon Ingilishi da Hausa, waɗanda fatake ke kawowa daga Kano. Na sayi guda uku, kowane da irinsa. Na yi mako biyu ina karanta su, sa'an nan na kai su ajin yaƙi da jahilci muka duba tare da ɗalibai. Ga abin da muka gani.

Ina ruwanmu da Ingilishi?

Wani zai yi wannan tambaya. To, da ruwanmu. Maƙwabciyarmu Najeriya da Ingilishi take aikin hukuma, haka ma Gana. Albasar da ake nomawa a Tabelot da sauran garuruwan Ayar takan kai har kasuwannin Gana. Maƙeran azurfa suna ciniki da baƙi, wani lokaci ta waya. Matafiya daga Najeriya da Gana da Gambiya sukan sauka garinmu a hanyarsu ta zuwa Libiya. Bayan wannan, a watan Maris na 2025 babbar dokar sake gina ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta kuma ce Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki.

Ɗan lakkwal yakan fara Ingilishi in ya shiga kwaleji, yana da mushe mai gyara masa. Amma babba wanda ya koyi karatu a ajin dare ba shi da malami sai irin waɗannan littattafai. Don haka ya kamata mu san amfaninsu, mu san kuma inda suka gaza.

Abin yabo

Ba su da tsada. Suna shiga aljihu. Da Hausa aka yi bayaninsu, ba sai mutum ya bi ta Faransanci ba. Biyu daga cikin ukun sun nuna yadda ake faɗin kowace kalma da baƙaƙen Hausa. Wannan dabara ce mai kyau, domin Hausa yadda aka rubuta ta haka ake karanta ta, Ingilishi kuwa ba haka yake ba. Sunan wuƙa, alal misali, ana rubuta shi "knife", amma a baki "naif" ake cewa. Madalla da wannan ƙoƙari.

Abin zargi

Daga farko har ƙarshe jerin kalmomi ne. Ga sunayen dabbobi, ga gaɓoɓin jiki, ga ranakun mako, ga kayan miya. Mutum sai ya haddace kalma ɗari uku, amma in baƙo ya tsaya gabansa ya kasa haɗa magana guda. Kowa a Agadas ya san tubali. In aka tara maka tubali dubu a ƙofar gida, ba ka da ɗaki tukuna, sai magini ya jera su. Littattafan nan sun ba mu tubali, sun manta da jeri. Ga wurare biyar da ya kamata su nuna, ba su nuna ba.

Na ɗaya, abin da ke gaba da abin da ke baya. A nan akwai albishir. Hausa takan fara da mai yin abu, sai aikin, sai abin da aka yi wa. Ingilishi ma haka. "Musa ya sayi gishiri" shi ne "Musa bought salt". Amma wajen ƙirga da mallaka sun sha bamban. Mu mukan ce raƙuma uku, su sukan sa ukun a gaba: "three camels". Mu mukan ce raƙumina, su sukan sa mai abin a gaba: "my camel".

Na biyu, lokaci. Ku duba: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Kalmar "tafi" ba ta motsa ba, ƴar ƙaramar kalmar da ke gabanta ita ke nuna lokaci. A Ingilishi, in abu ya riga ya wuce, kalmar aikin ce da kanta ke sake kama. Nakan tafi, "I go". Na tafi, "I went". Yawancin kalmomin aiki "ed" ake liƙa musu a wutsiya, kamar "work" da "worked", wato yin aiki. Amma waɗanda aka fi faɗa kullum, irin su saye da gani da tafiya, kowace da tata hanya, sai an haddace ta. Abin da zai zo nan gaba kuwa mai sauƙi ne, domin "will" tana aiki kamar "za" tamu: zan tafi, "I will go".

Na uku, tambaya da musu. Mu in za mu yi tambaya, murya kawai mukan ɗaga: kana da gishiri? Ingilishi yakan jawo wata ƴar kalma, "do", ya sa ta a gaba: "Do you have salt?" In za a yi musu ma ita ake kira: ba ni da gishiri, "I do not have salt". In abin ya wuce sai ta koma "did": ka ga raƙumina? "Did you see my camel?" Wanda bai san wannan kalma ba, ba zai iya ciniki ba, don ciniki tambaya ne da amsa.

Na huɗu, kai da ke da ku. Duka ukun nan kalma guda ce a Ingilishi: "you". Har wa yau, a Hausa kowane abu namiji ne ko mace. Rana ta faɗi, wata ya fito. A Ingilishi "he" na namiji ne, "she" ta mace ce, amma dutse da mota da rana duk "it" ake ce musu.

Na biyar, ladabi. Ɗaya daga cikin littattafan ya koyar da yadda za a ce a ba ka abu, amma da kalmomin umurni zalla. A kunnen mai Ingilishi wannan kamar tsawa ce. Sukan mai da roƙo tambaya, su ƙara "please", wadda ta yi daidai da "don Allah" tamu: "Can you help me, please?" Ma'anarsa, don Allah ko za ka taimake ni?

Inda rashin sani ke cin kuɗi

Kada a ɗauka wannan duk zancen malamai ne. Wani ɗalibinmu maƙeri ya ba mu labari a aji. Baƙo ya zo sayen sarƙar azurfa, kuɗinta dala dubu biyu. Maƙeri ya tuna littafinsa, ya ce "two thousand". Baƙo ya yi murna, ya miƙa jika biyu, ya ɗauki sarƙa. Maƙeri ya ce bai yarda ba, jika goma ne. Baƙo ya ce an yi masa magana biyu. Aka tara jama'a, ciniki ya watse, kowa ya tafi yana ganin ɗan uwansa macuci. Alhali ba macuci a cikinsu. Mu a Nijar da dala muke ƙirga, dala guda kuwa tamma biyar ce. Mai Ingilishi lambar da ke jikin takardar kuɗi yake faɗa. Littafin da aka yi don masu naira ba zai gargaɗe mu da wannan ba. Ku riƙe ƙa'ida: in za ku faɗi kuɗi da Ingilishi, ku ninka dalar sau biyar.

Ga wani tarko. Sha biyar "fiftiin" ake faɗinta da jan ƙarshe, hamsin kuwa "fifti" a gajarce. Haka sha uku da talatin, haka sha huɗu da arba'in. Mai buhun albasa ya kiyaye. In kunne ya yi shakka, a rubuta lamba a takarda ko a ƙasa, 15 ko 50. Amfanin karatu ke nan.

Shawara

Ban ce ku jefar da littattafan nan ba. Da babu gara ba daɗi. Amma kada ku haddace kalma ita kaɗai. Ku ɗauki jimla guda, kamar "Do you have salt?", ku cire gishiri ku sa dabino, ku cire dabino ku sa ruwa. Jimla goma da kuka iya juyawa sun fi kalma ɗari uku da ke kwance a ka.

Ga hukumar yaƙi da jahilci kuma muna da roƙo. A rubuta mana namu littafi, wanda zai fara daga ginin Hausa ya nuna inda Ingilishi ya bi mu da inda ya rabu da mu. A sa misalan kasuwa da garka da tashar mota, a yi lissafi da dala da jika. Wanda ya gane yadda "na" da "zan" suke aiki a harshensa, ya riga ya yi rabin tafiya.

Wanda ya taɓa gamuwa da irin abin da ya sami maƙerin nan, ya rubuto mana da hannunsa, mu buga don wasu su ƙaru. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.