Wa Zai Ɗaure Kalangun Gobe a Damagaram?

Kafin kalangu ya yi magana a rumfar mahauta, hannaye da yawa sun riga sun taɓa shi. Masassaƙi ne ya fafe kangon, ya matse masa ƙugu. Majemi ya jeme fatar da aka yanka tsirkiya da ita, bayan ta kwana cikin ruwan bagaruwa. Sannan makaɗin ya zauna a inuwa, ya rufe baki biyun da tantani, yana ja yana saurare har muryar ta zauna. Haka goge yake: rabin ƙwarya, fatar guza, izgar doki. Algaita kuwa sai an haɗa da maƙeri da baduku. Duk mai son ya raba zancen kiɗa da zancen sana'ar hannu a ƙasar Damagaram, bai taɓa zama ya ga yadda ake haɗa abin kiɗan ba.

Dangantakar ta ma wuce nan, domin kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, shi ne ke zuga su ranar hawan ƙaho. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma. A fada akwai kakaki da algaita, kuma a nan Ma'azu Ɗan Alalo ya shafe shekaru yana yi wa sarakunan Damagaram waƙa. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan ya kewaye Birnin Zindar da ganuwa, fada ce babbar mai sayen aikin dukawa da maƙera, ita ce kuma mai ciyar da makaɗa. Hanyar koyon duk waɗannan guda ce, wato gado. Yaro yana buɗe ido ya ga aikin a zauren gidansu.

Gado makaranta ce mai ƙarfi, ba na raina ta. Na taɓa zama a rumfar wani tsohon baduku a Birni, jikansa na gefe yana tsaga jar fata siri-siri don ado. Yaron bai wuce shekara goma ba. Da wuƙar ta karkace, tsohon bai ɗaga kai ba, ya ce, "Sassauta hannu, ɗan nan, fatar ba ta yi maka laifi ba." Yaron ya ce, "To, Baba," ya sake kama wuƙar daga tushe. Babu allo, babu jarrabawa, amma a haka hannu ke faɗawa. Matsalar ita ce ƙofar wannan makaranta a rufe take ga wanda ba ɗan gida ba. In ɗan gidan ya tafi lakwal, ko ya bi hanyar Agadas, ko ya hau babur yana kabu-kabu, sai sana'ar ta tsaya a hannun tsoho, ta jira ranar da za a kai su kushewa tare.

A iya nazarina, abin da ya fi buɗe wannan ƙofa a tarihin Nijar shi ne samariya. Asalinta tsohuwar al'ada ce ta ƙauye: sarkin samari da mataimakansa, gayya a gona, wasan dandali da dare. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta ɗauke ta, ta kafa ta a unguwanni da ƙauyuka, ta kuma ɗora mata gasar matasa ta ƙasa da ke zagaya manyan biranen jahohi. Kafin a kai ga wannan mataki, sai an yi ta tankaɗe da rairaya tun daga unguwa. Ma'ana, wata da watanni ana maimaici kowane dare. Ana tsara waƙa, ana gyara rawa, ana ɗinka kayan wasa, ana kai ganga gyara. A cikin wannan yanayi ne wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa a Zindar, inda Yazi Dogo, malamin makaranta, da abokan wasansa suka zama sanannu a duk faɗin ƙasa ta rediyo da talabijin.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Samariya ta ba ɗan malami da ɗan ɗan kasuwa damar su riƙe makaɗi ba tare da an kira su maroƙa ba. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Muna son kiɗa, muna yi wa makaɗi kari, amma da yawanmu ba za su ba shi ɗiya ba. Da aka ce wasan na unguwa ne, na kare sunan gari ne a gaban sauran garuruwa, sai uba ya kau da kai, uwa ma ta bar ɗiyarta ta shiga sahun amshi.

Samariya tana da nata aibin. Hannun gwamnatin soja ce, kuma yawancin waƙoƙin sai sun bi ta kan abin da hukuma ke son a ji: haɗin kai, dashen itatuwa, yabon shugabanni. Da iskar siyasa ta juya, aka yi Babban Taron Ƙasa na 1991, sai aka dube ta a matsayin kayan tsohon mulki, ta dusashe. An zubar da abin da ya kamata a zubar, amma maimaicin dare ya bi shi, kuma ba a kafa wani abu a gurbinsa ba.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne biki. Zindar ta karɓi bikin ƙasa na 18 ga Disamba a 2006, ta sake karɓa a 2018 da sunan Zindar Sabuwa. An yi gine-gine, an baje kolin jakunkuna da takalma da tukwanen Mirriya, makaɗa sun samu ƴan jakkuna. Wasan kara ma yana nan, mutane na kwaikwayon manya ana dariya. Duk ina murna da su. Sai dai biki yana nuna wanda ya riga ya iya ne. Ban ga yaron da ya koyi busa algaita cikin mako guda ba. Ɗakunan da za a iya koyarwa a cikinsu kuma ba su da yawa, ga shi a tarzomar Janairun 2015 an cinna wa cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta garin wuta.

Labarin Malam Mamman Barka ya isa misali. Haifaffen Taskar ne a jahar Damagaram, malamin makaranta, kuma gwanin gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi gaɓar tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin masu kaɗa biram, molon Buduma mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa. Barka ba Buduma ba ne, bai gada ba. Ya zauna ya koya, tsohon ya miƙa masa nasa biram, shi kuma ya kai shi har dandamalin Turai. Ya rasu a 2018. Da an tsaya kan ƙa'idar gado, da biram ya yi shiru tun rasuwar Bukar Tar. Amma mutum guda ne ya je, kuma abin da ke rataye a wuyan mutum guda kullum yana bakin rami.

A nan ne nake ganin amfanin duban mutanen ƙasar Ayalan. Su ma kiɗansu na gargajiya ya taɓa zama abin da matasa ke jin kunya, kayan ƙauye. A 1951 wasu makaɗa suka taru a garin Mullingar suka kafa ƙungiyar Comhaltas, suka fara gasar shekara-shekara. Ƙarfin ƙungiyar yana cikin rassanta na garuruwa, inda ake koya wa yara goge da sarewa mako-mako, ɗan kowa ya zo. Akwai kuma wata algaita tasu da ake hura wa iska da ɗan zugazugi a ƙarƙashin gwiwar hannu, kamar na maƙera. Ta kusa ɓacewa, sai masu busa ta suka kafa ƙungiyarsu a 1968. Suka lura cewa koyar da busa ba zai wadatar ba in babu mai ƙera abin busar, sai suka buɗe ajin ƙira. A 2017 UNESCO ta sa wannan busa cikin gadon al'adun duniya.

Ba komai nasu ne zai zauna a ƙasarmu ba. Kiɗan Ayalan mafi yawansa na rawa ne da hira, namu kuwa rabinsa kirari ne da ke da mai shi. Taken sarki ba abin da za a koya wa aji a sallame su ba ne, kuma makaɗan fada suna da haƙƙi a kan abin da suka gada. Akwai kuma iyayen da ke ƙin kiɗa saboda addini, waɗanda ba za a shawo kansu da gori ba. Shi ya sa nake ganin a fara ta ƙofar sana'a. Uban da ba zai yarda ɗansa ya zama makaɗi ba, zai yarda ya koyi jima, da sassaƙa, da ɗinkin fata, domin abin ci ne. Yaron da ya fafe kango da hannunsa, ya ɗaure tsirkiya, da wuya ya ajiye shi bai gwada muryarsa ba.

Wannan ba ya buƙatar babban gini. A gari kamar Zermu, cikin gundumar Mirriya, rumfa guda ta isa, da yammacin da babu lakwal. A samu masassaƙi, da baduku, da mai ginin tukwane, da tsohon makaɗi guda, magajin gari ya yanka musu ɗan abin da za su riƙa karɓa kowane wata, ko da biki ko babu. A biya su a matsayin malamai, a kuma kira su da wannan suna a gaban yara. Ɗaliban jami'ar André Salifou da ke Zindar za su iya zuwa da wayoyinsu su naɗi murya da hoton yadda ake kowane mataki, su bar kwafi a garin. Kayan aikin duk suna kusa: bagaruwa na nan a daji, ƙwarya na zuwa da kaka, fatar akuya kuwa ana samunta kowace ranar kasuwa.