Masu Lazimi da Gwanintar Turke Zuciya

A Mashi, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, akwai wani aiki da ake yi bayan asuba da bayan la'asar wanda ba a cika sa shi cikin jerin gwaninta ba, saboda a zaune ake yin sa. Za ka ga dattijo a kan buzu ya fuskanci alƙibla, ya runtse ido, carbi na tafiya a hannunsa. Babur ya wuce, yara su yi ta ihu, shi ko gezau. Mai kallo sai ya ce ai zama ne kawai. To, ya gwada ƙirga istigfari ɗari ba tare da zuciyarsa ta leƙa kasuwa ko gona ba, zai ba da labari.

Lazimin Tijjaniyya, ɗariƙar da Shehu Ahmadu Tijjani ya kafa, wanda ya rasu a Fas a 1815, ba shi da tsawo: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Sharuɗɗan da aka kewaye shi da su ne abin lura. Sai da alwala, a wuri mai tsarki, a lokacinsa, kuma bisa wannan jeri. Ba a magana a tsakiya, in ban da kalma ɗaya ko biyu na larura, ko amsa kiran iyaye. Duk wannan rufe ƙofofi ne ɗaya bayan ɗaya, har ya zama zuciya ba ta da wurin zuwa sai abin da harshe yake faɗa. Malamai na kiran wannan halartar zuciya, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a kanta cikin littafinsa Ihya'u.

Hukuncin da ya fi burge ni shi ne na kokwanto. Idan mai lazimi ya rasa ko yana kan sittin ne ko saba'in, ba a ce ya watsar ya tashi ba. Zai yi gini a kan ƙaramin adadin da yake da yaƙini a kai, ya ƙarasa, sannan ya gyara da istigfari 100. Wato tun farko an san zuciya za ta kuɓuce, har an tanadi hanyar dawo da ita. Gwanin ba shi ne wanda tunaninsa bai taɓa fita ba, don babu wannan mutumin. Gwani shi ne wanda yake saurin farga, ya dawo ba fushi ba fargaba. Sabon shiga sai ya kai ƙarshen ɗarin kafin ya gane tun tuni yana lissafin kuɗin taki. Wanda ya daɗe, tun a ƙwaya ta biyu ya kamo ta.

Shi kansa carbin an yi masa aiki da hikima. Na Tijjanawa ƙwaya ɗari ne, da alamomi a ta 12, ta 30, ta 50, ta 70 da ta 88, ta yadda ko ta wane gefe aka fara, yatsa zai ji inda adadin wazifa, wani zikirin ɗariƙar daban da lazimi, ya tsaya: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. An ɗauke wa ƙwaƙwalwa nauyin lissafi an ɗora wa yatsa.

Mabiya addinin Buddha a Asiya sun shahara da horon zuciya, kuma duk da cewa aƙida da manufa sun yi hannun riga da namu, matsalar da suka tarar ɗaya ce, don zuciyar ɗan Adam ɗaya ce. Su numfashi suke bi: mutum ya zauna ya lura da shigarsa da fitarsa. Wani malaminsu, Buddhaghosa, da ya yi rubutu a tsibirin Siri Lanka wajen ƙarni na 5, ya shawarci mai koyo ya riƙa ƙirga numfashin, kada ya tsaya ƙasa da biyar, kada ya wuce goma, don ƙasa da haka zuciya na takura, fiye da haka ta ɓace cikin lissafi. Ya kuma kwatanta ta da ɗan maraƙin da aka ɗaure a turke: zai yi ta fizge-fizge, in ya gaji ya kwanta kusa da turken. Duk wanda ya taɓa turke dabba da damina a ƙasar Mashi ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙi. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya ɗauki wannan dabara, ya cire mata rigar addini, ya mai da ita shirin mako takwas na rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, daga nan ta bazu cikin asibitoci.

Numfashin ma muna da namu. 'Yan Ƙadiriyya, musamman na gidan Shehu Nasiru Kabara a Kano, wanda ya rasu a 1996, suna zikirin anfasu, inda ake ɗora ambaton Allah a kan shigar numfashi da fitarsa, sau da yawa tare da bugun bandiri. Sai dai mai zikiri ba natsuwa ya fito nema ba. Yardar Allah yake nema, natsuwar guzuri ce da ake samu a hanya. Na san akwai malaman da ba su yarda da ɗariƙa ba, wannan muhawara ce ta malamai. Amma su ma suna da azkar na safe da yamma, kuma yaƙin da suke yi da zuciya mai yawo shi ne dai wannan.

Yanzu matasa sun koma wa ɗan carbin lantarki da ake maƙalawa a yatsa. Yana ƙirga daidai, ba ya ɓata. Amma wanda ya kuɓuce a kai ba zai taɓa sani ba, domin lambar na nan tana hawa ko da zuciyarsa na cikin waya, kuma babu wata alama da za ta taɓa yatsansa a ta talatin ta farkar da shi.