Ɓaure, Gamji da Ceɗiya: Sharhi a kan Littattafan da Suka Taɓo Tsarkin Itatuwa a Ƙasar Hausa

Akwai wani icce a ƙasar Indiya wanda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa suna Ficus religiosa a 1753, watau ɓauren addini. A gindin irinsa ne mabiya Buddha suka ce jagoransu ya sami wayewar zuciya a Bodh Gaya, kuma wani reshensa da aka dasa a Anuradhapura ta ƙasar Siri Lanka a shekara ta 288 kafin haihuwar Annabi Isa yana nan da ransa. Wannan icce ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Amma danginsa suna nan birjik, don haka ɗalibi kan yi saurin ɗauko fassarar "ɓaure mai tsarki" ya liƙa wa namu, alhali maganar ba ta zauna ba.

Madogarar kowa a wannan fage ita ce littafin J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotilan, mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, na 1916. Ya jera sunayen Hausa bi da bi, kowane da takwaransa na Latin da ɗan bayanin amfaninsa. Aiki ne na a yaba, ba domin komai ba sai domin ya fara da sunan da Bahaushe ya sani. To amma mai karatu da ya bi layin Latin kaɗai zai ga kalmar Ficus tana ta maimaituwa a gaban ɓaure da gamji da ceɗiya da durumi da kawuri da shirinya, ya ɗauka abu guda ne mai rassa. A Hausa kuwa babu kalma ɗaya da ta tattara su. Wanda ya bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma zai ga dalili: ɓaure na bakin rafi ne da fadama, irin na gaɓar Karaɗuwa, kawuri na tsagar duwatsu ne, ceɗiya da durumi kuwa na ƙofar gida ne da bakin kasuwa, domin reshe kawai ake sara a kafa da damina ya kama. Masanin tsirrai ya haɗa su ta fuskar 'ya'ya, Bahaushe ya raba su ta fuskar mazauni da amfani, kuma kowanne da hujjarsa.

Batun 'ya'yan nan ya cancanci a tsaya a kansa. Abin da ake kira ɗan ɓaure a haƙiƙa jaka ce mai ɗaruruwan ƙananan furanni a cikinta, ba ta da ƙofa sai wata 'yar kafa a ƙarshenta. Wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro ne ke kutsawa ta nan ɗauke da garin fure, ya yi ƙwai, ya mutu a ciki. 'Ya'yansa mata su fito su nemi wani iccen. Kusan kowane iri da nasa ƙwaron, kuma in babu ƙwaron babu iri. Ashe karin maganar nan ta in ana cin ɓaure ba a tona cikinsa, wadda malamai kan koyar a matsayin darasin rufa asiri, ta tsaya ne a kan lura ta gaskiya da halittar iccen. Haka gamji: sau da yawa tsuntsu ne ke yar da irinsa a kan wani icce, ya tsiro a sama, ya sako saiwoyi ƙasa, ya rungume mai masaukinsa har ya kashe shi. Wanda bai san wannan ba, rabin ma'anar laƙabin Gamji da aka yi wa Sardauna Ahmadu Bello kawai ya sani, watau faɗin inuwa. Ɗayan rabin shi ne rinjaye a kan duk wanda aka yi kafaɗa da shi.

Ta fuskar addini ne rubuce-rubucen suka fi rauni. A. J. N. Tremearne ya buga The Ban of the Bori a 1914, amma yawancin bayanansa daga Hausawan Tunis da Tarabulus ya samo su, mutanen da suka daɗe da rabuwa da dajin da waɗannan itatuwa suke. J. H. Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano kafin ya fitar da littafinsa a 1946, ya fi shi kusa da gaskiya, domin ya gane cewa icce mazaunin iska ne, ba shi ne abin bautar ba. A nan ne bambancin yake. A Indiya irin ne gaba ɗaya ake girmamawa, duk inda ya tsiro. A ƙasar Hausa wani icce guda ne, a wani wuri sananne, ake cewa yana da mutane, a guji gindinsa da tsakar rana ko da almuru, alhali ɗan'uwansa na can gefe ana sassabe shi a ba awaki. Ko a nan ma tsamiya da kuka sun fi dangin ɓaure suna. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci icce guda mai katanga a tsafin Tsumburbura, bai ce irinsa duka ba.

Sa'an nan kalmar tsarki kanta ta shari'a ce, kishiyar najasa, kuma ba a jin Bakatsine ya jingina ta ga icce. Abin da yakan ce shi ne kwarjini, ko ya ce wurin ba ya shiguwa. Darajar da ɓaure ya samu a bakin malamai ta wata hanya ce dabam: masu tafsiri kan fassara "tin" na Sura ta 95 da ɓaure, ko da yake na Larabawa Ficus carica ne, wanda ake nomawa a Sham, namu kuwa Ficus sycomorus. Fassara ce ta kusantarwa, ba ta sa kowa ya fasa sare shi ba.

Yau inuwar da ta fi yawa a titunan Dutsin-Ma da Kurfi ta bedi ce, wanda aka shigo da shi Barno a 1928, ya yaɗu ƙwarai bayan farin 1973. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, zai iya kammala digirin Hausa bai rarrabe ganyen durumi da na ceɗiya ba, sai ya koma ga Dalziel ya tambaye shi sunan iccen ƙofar gidan kakansa. Shi ma bedin daga Indiya ya fito, kuma can ana girmama shi, ana danganta shi da wata abar bauta mai kare mutane daga agana. Ya yi shekara kusan 100 a nan ana yin asawaki da shi, ana dafa ganyensa don zazzaɓi, ana yin azara da itacensa.